Ƙusar Zuwaira a Kan Taswira

Ran Talata a ɗakin malamai na ji Kabiru, sabon malamin lissafi, yana ce wa Nafisa, ita ma sabuwar malama, ta yi sa'a da aka ba ta darasin zamantakewa. Wai ai soshal hira ce kawai, ko ba a shirya ba sai a shiga aji a yi ta zuba har a kaɗa ƙararrawa. Nafisa ta yi dariya, ba ta musa ba. Ina gefe ina duba takardun gwaji, ban ce uffan ba, don na lura ku yaran yanzu in aka yi muku magana da baki sai ku ce tsufa ne. Shi ya sa na zauna na rubuta muku. Shekarata ashirin da bakwai ina koyar da wannan hirar a Agege, kuma da ita na taɓa fitar da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina daga makaranta, ana gab da rufe rajistar jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Ku karanta, in ya so sai ku ci gaba da dariyarku.

Aikin farko da aka ba ni ba koyarwa ba ne. Na fito daga kwalejin horon malamai da takardata a jaka, ina ji da kaina, aka haɗa ni da wani dattijo Bazazzagi, Malam Tanko, a wata makarantar al'umma da ke bayan layin dogo. Ya miƙo min alli ya ce in zana masa Najeriya. Na zana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rabi, kin ba Kamaru rabin Adamawa, kin kuma nutsar da Legas a teku. Goge." Zango guda cur ina zuwa kafin yara su iso, in zana, ya duba, in goge. Shi ba ya fara zane daga iyaka. Da kogin Kwara da na Binuwai yake farawa, ya haɗa su a Lakwaja, ya ce in koguna suka zauna daidai ƙasa za ta zauna a kansu. Iyakar ƙasa kuwa da jiƙaƙƙen alli yake jan ta. Za ka ga kamar bai rubuta komai ba, jim kaɗan sai ta bushe ta fito fari tas, ko an goge sauran zanen tana nan. Layukan da ke ratsa taswira kuma da igiya yake yin su: a shafe ta da garin alli, a ɗaure bakinta biyu a jikin allo, a ja tsakiyar a saki.

Amma abin da na fi ɗauka a wurinsa shi ne rashin yarda. Bai yarda da taswirar kasuwa ba sai ya ƙirga jihohinta ɗaya bayan ɗaya, don masu bugawa sukan ɗauko tsohuwa su canza mata launi su sayar. Bai yarda da littafi ba sai ya gwada shi da wani littafin. Yaron da ke yawan gyaɗa kai kuwa shi ya fi zargi, nan take zai tsayar da shi ya ce ya maimaita. Ni dama haihuwar Agege ce, 'yar mai goro. Na tashi ina ganin mahaifina yana zura hannu har ƙasan huhun goro kafin ya yarda na sama da na ƙasa iri ɗaya ne. Sai halin gida ya haɗu da na Malam Tanko. Har yau in yaro ya kawo min amsa mai kyau fiye da kima, abin da ke fara zuwa raina shi ne wa ya rubuta masa.

Kayan aikin ba su da yawa, sai dai kowanne da halinsa. Kwalin taswira ba ya ganin damina biyu a Legas, laima za ta lanƙwasa shi, launin ya tsiyaye, Sakkwato ta gangaro Ilori. Ƙwallon duniya ta roba da ake hurawa, ranar da ka bar ta a aji ka fita, ranar ta zama ƙwallon ƙafa. Abin da ya daɗe a hannuna shi ne wani tsohon littafin taswirori da Malam Tanko ya bar min da zai koma gida. Bangonsa ya tafi, da zaren kaba na ɗinke shi, amma yana da manyan shafuka da ke nuna ƙananan garuruwan da ba za ka samu a littafin ɗalibai ba. Ina alfahari da shi fiye da yadda ya kamata.

Sannan akwai iyaye. Ku sani su ne masu sayen hajarmu, ba yara ba, kuma ba sa shiga aji. Abin da yaro ya kai gida shi suke ji, shi ma rabi. Kabiru, kai ba wanda zai biyo ka har gida saboda ka koyar da raba lamba. Ni na koyar da haraji ran Laraba, ran Alhamis wani mai shagon kayan gini yana tsaye a bakin ofis yana tambaya ko ƙaramar hukuma ce ta dasa ni, don ɗansa ya tambaye shi ko yana biya. Na koyar da zaɓe, aka yi ta lissafin launin mayafina ko na wace jam'iyya ne. Darasinmu yana bin yaro har ɗakin uwarsa, ya buɗe abin da aka rufe. Na san wannan sarai, kuma duk da haka na yi abin da na yi.

Shekarar da abin ya faru dama garin ba ya zaune lafiya. Jita-jita ta cika ko'ina cewa za a fara bin kasuwanni ana duba takardu, wanda aka samu ba ɗan ƙasa ba ne zai rasa rumfarsa. Ban ga wanda aka yi wa ba, amma kowa ya san wani da ya san wani. Ni na ɗauke shi zancen cikin danfo, motar hayar Legas, na ci gaba da harkata. Manhaja ta kawo mu darasin ƙaura, na ce bana ba zan tsaya karanta musu dalilai biyar da ke sa mutane barin gida ba, alhali kowane yaro a ajin nan ƙaura ce ta kawo kakansa. Na sa kafinta ya yanko min katako mai faɗi, na yi masa farin fenti, na zana ƙasar tun daga bakin teku har can sama da iyakar arewa. Iyakar da jan fenti na ja ta. Na sayo ƙananan ƙusoshi da zare kala-kala a wurin tela. Na ce kowane ɗalibi ya je ya sami wanda ya fi tsufa a gidansu, ya tambaye shi daga ina suka taso, me suka hau, ina suka yada zango, me ya kawo su. In ya kawo amsa sai ya buga ƙusarsa a garinsu, ya ja zare zuwa Agege.

Mako guda allon nan ya zama abin kallo. Wani kakansa a taragon shanu ya zo ya sauka a Ebute Metta. Wata yarinya Kirista daga wajen Kafanchan, kakanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, zarenta sai da ya bi ta garuruwa huɗu. Wani yaro Bayarabe zarensa bai kai tsawon yatsa ba, aka yi ta yi masa tsiya wai a ƙafa suka zo. Mai makaranta da kansa ya riƙa shigo da baƙi yana nuna musu. Abin da bai kwanta min ba shi ne yadda ƙusoshi suka taru a Kano da Katsina da Sakkwato, amsoshin kuma layi biyu-biyu, ba sunan ƙauye, ba sunan unguwa. Na ce a raina ragwanci ne, sun zauna a bakin get sun kwafi na juna.

Takardar Zuwaira ce ta fita daban. Zuwaira 'yar Malam Habu ce, dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Siririya ce, a layi na biyu take zama, rubutunta ƙanana kamar an jera ridi, kuma ita kaɗai ce a ajin ke iya ɗaga hannu ta ce, "Anti, jiya ba haka kika ce ba." Shafi biyu ta cika. Ta rubuta tafkin garinsu da kifin da ake kamawa, da itatuwan goriba, da yadda kakanta ya ɗora albasa a jaki zuwa Jibiya, daga nan ya hau babbar mota zuwa Kano, ya shiga jirgi, bayan shekara biyu ya koma ya ɗauko matarsa. A saman takardar ta rubuta Madarumfa, jihar Katsina. Ta buga ƙusarta kusa da Jibiya, ƙarƙashin jan layi, ta ja koren zare.

Kyan takardar ne ya sa na zarge ta. Da aka fita tara na ɗauko tsohon littafina na bi da yatsa, sai ga Madarumfa da tafkinta a zaune sama da layi, cikin Nijar, kudu da Maraɗi. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji, irin daɗin da malami ke ji in ya kama kuskuren da wani ba zai kama ba. Ana dawowa aji na kira ta gaban allo.

"Zuwaira, wa ya rubuta miki wannan?"

"Ni ce, Anti. Kakata ta faɗa min, na rubuta."

"Kakarki ce ta ce miki Madarumfa a jihar Katsina take?"

Ta ce, "Babana ne ya ce in sa haka."

A nan ya kamata in tsaya. Duk mai hankali da ya ji wannan amsar zai ce je ki zauna. Ni kuwa sai na buɗe littafin na ba layin gaba, na ce a zagaya da shi kowa ya gani da idonsa. Na ɗauki guduma na zare ƙusarta, na matsa sama kamar faɗin yatsa biyu, na ƙetare jan layin na buga. Na ce, "Kun ga, wannan ita ce ƙaura ta ƙetare iyaka, ga misali a cikin ajinmu. Ku tafa wa Zuwaira." Suka tafa. Daga baya can wata murya ta ce, "Ashe 'yar Nijar ce, abi?" Aka kwashe da dariya. Zuwaira ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon ƙusar, sai a lokacin na gane ita kanta ba ta sani ba.

Washegari kujerarta ba kowa. Jibi ma haka. Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, kuma ba a yadda ya faru ba. Aka ce Malama Rabi tana haɗa sunayen baƙi, an ba ta aikin ne daga sama, allon nan hotonsa za a ɗauka a kai wani ofis. Iyayen da ban taɓa ganin fuskarsu ba suka fara zuwa wai sun zo ganin taswira. Wani ya tsaya ya nemo ƙusar ɗansa, ya kama ta da farce ya yi ta girgizawa har ta fita, ya sa a aljihu ya tafi. Mai ƙosan bakin layinmu, wadda muka yi makarantar allo tare, in na iso sai hirar ta mutu. Kujeru bakwai suka zama wayam. Mai makaranta ya sa aka kai allon sito aka kulle, sannan ya kira ni ofis ya turo ƙofa.

"Malama Rabi, tsakaninki da Allah, wane oga ne ya ba ki wannan aikin?"

Na buɗe masa manhaja na nuna masa darasin. Ya karanta, ya kalle ni, ya sake karantawa. Bai ce bai yarda ba, amma daga ranar ya daina barin rajistar ɗalibai a kan tebur in ina ofis. Ni ma ba a bar ni a baya ba, na shiga zargin kowa. Na bi diddigi har na gano mai muryar nan ta baya, yarinya ce da babanta ke layi ɗaya da Malam Habu a kasuwa. Na kuma ji cewa an kai Zuwaira Ikorodu wurin gwaggonta mai sayar da abinci, tana wanke kwanuka. Ranar Juma'a ta mako mai zuwa za a rufe rajistar jarrabawa. Wanda sunansa bai shiga ba ya rasa shekarar, kuma na san yarinyar da ta rasa shekara a bakin tukunya ba kasafai take dawowa ba.

Ran Lahadi bayan la'asar na saka littafin ilimin zama ɗan ƙasa a jaka na nufi gidansu. Gidan haya ne irin mai ɗakuna suna kallon juna. Na yi sallama, ƙofofi uku suka buɗe kaɗan, ba wadda ta rufe. A ƙarshen baranda wata tsohuwa na zaune a tabarma tana tsince wake. Ta ɗago ta dube ni.

"Ke ce malamar lakwal ɗin?"

Daga jin lakwal, sunan makaranta a bakin mutanen Nijar, na gane kakar Zuwaira ce. Na durƙusa na gaishe ta. Malam Habu ya fito, dogo, da ƙanshin albasa a rigarsa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya shigar da mu ɗaki ni da tsohuwar, ya saki labule. Idonsa na kan jakata.

"Mi ke cikin jakar ga, Malama?"

"Littafi ne, Baban Zuwaira."

"Fito da shi in gani. Wayarki kuma ki aje ta nan bisa tebur."

Na yi yadda ya ce. Na ba shi haƙuri, na ce ba wanda ya aiko ni, kuskure ne na malanta. Na buɗe littafin na nuna masa inda aka yi bayanin wane ne ɗan ƙasa. Na ce mahaifiyar Zuwaira mutuniyar Zariya ce, an kuma haifi yarinyar a nan, don haka 'yar ƙasa ce cikakkiya, ba mai iya taɓa ta. Ya saurara har na gama.

"To na ji na ɗiyata. Ni fa? A Agege aka yanke min cibiya, ban taɓa kwana bakwai a can ba. Ubana da uwata kuwa, kin san daga inda suke, ke kika sanar da duniya. Littafin naki mi ya ce a kaina?"

Na san abin da littafin ya ce. Haihuwa a nan ba ta mai da ɗan baƙi ɗan ƙasa, sai na rufe littafin.

"Kin gani," in ji shi. "Satin da ya wuce a taron 'yan albasa wani ya miƙe ya ce malamar makaranta ta tabbatar da littafi cewa ni baƙo ne, bai kamata in riƙe rumfa da sunana ba. Rumfar da ubana ya kafa tun wurin yana fadama. Na rantse musu malamar ce ba ta san arewa ba, a Legas aka haife ta. Yanzu maganata ce da taki. Muddin ɗiyata tana zaune a ajin nan, ƙusar nan tana inda kika buga ta, zancen ba ya mutuwa."

Na ce ai an kulle allon a sito. Ya ce kulle allo ba ya goge abin da yara arba'in suka gani. Na tambaye shi me yake so.

"A gaban yara kika cire ta, a gaban yara za ki maida ta. Ki ce kin yi kuskure, garin yana cikin Katsina. Su rubuta a littafinsu, su kai gida."

Na nemi hanyar zamewa. Na ce akwai gaskiyar da zan iya faɗa ba tare da na yi ƙarya ba, cewa mutanen wannan yankin Katsinawa ne tun asali, layin daga baya aka ja shi. Tsohuwar ta ajiye wakenta ta ce, "Gaskiyarta. Mu Katsinawa ne tun Nasara bai zo da igiyar awonsa ba."

"Inna, bari," ya ce. Ya juyo gare ni. "Ban ce ki ba su tarihi ba, Malama. A kasuwa ba a sauraron dogon bayani. Ki ce kin yi kuskure, shi ke nan."

Daga nan muka shiga ciniki irin na mutanen da ba su yarda da juna ba. Ni ina tunanin in na ƙaryata kaina zai sami abin da yake so, ya bar yarinyar a Ikorodu. Na ce sai na gan ta a kujerarta cikin kayan makaranta kafin in buɗe baki. Shi kuma yana tunanin in ta dawo zan sa sunanta a rajista in share zancen. Ya ce ni zan fara. Tsohuwar ce ta raba mu. Ta ce ita za ta kawo jikarta ran Laraba, ta zauna a bakin ƙofar ajin. In ta ji abin da aka ce za a faɗa, ta tafi ta bar ta. In ba ta ji ba, ta kama hannunta su fita tare.

Kwana biyun nan na yi su cikin fushi, ba zan ce ba haka ba. Na ji haushin Malam Habu, na ji haushin kasuwarsu, na fi jin haushin kaina. Na yi kuskure a aji sau da yawa, amma ban taɓa tsayawa gaban allo na faɗi abin da na san ba haka yake ba. Na yi tunanin in sake fentin jan layin ya ɗan hau sama, na ga wannan ƙaryar ta fi waccan girma. Ran Laraba da safe na ɗauki tsohon littafina zan sa a jaka kamar kullum, sai na mayar da shi kan kabad.

Sai da na yi da gaske mai makaranta ya ba da makullin sito. Aka jingina allon a gaban aji, zarurrukan sun yi ƙura, ga ramukan ƙusoshin da aka zare. Zuwaira tana layi na biyu, hannuwanta sun yi kaushi, ba ta kalle ni ba. Tsohuwar ta shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofa ta zauna. Na ɗauki guduma.

"Kwanakin baya na ce muku Madarumfa a Nijar take. Na yi kuskure. Littafin da na nuna muku tsoho ne, ba a dogara da shi. Garin yana cikin jihar Katsina."

Na zare ƙusar, na nemo raminta na farko na mayar da ita, na cike na saman da garin alli. Sannan na juyo ina jira. Yaran nan ni na horar da su. Shekara uku ina ce musu kada su yarda da magana don babba ne ya faɗa, su tambayi wa ya ce, a ina ya gani. Kowannensu ya riƙe littafin nan da hannunsa, ya ga garin sama da layi. Na tabbata wani zai ɗaga hannu, har na shirya yadda zan daka masa tsawa. Ba wanda ya motsa. Na ce a rubuta, sai ƙarar biro a kan takarda. Mai muryar baya ma ta sunkuya ta rubuta. Ina tsaye idona ya koma kan ƙusoshin da suka taru a Kano da Katsina da Sakkwato, masu amsa layi biyu, na daɗe ina kallon su. Ashe ba ragwanci ba ne, a gida aka faɗa musu iyakar abin da za su rubuta. Tsohuwar ta miƙe, ta kakkaɓe ɗankwalinta, ta tafi ita kaɗai.

Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya fita, Zuwaira ta tsaya a gefen teburina.

"Anti, in ya fito a jarrabawa, wanne zan rubuta?"

"Ba zai fito ba."

"Amma in ya fito fa?"

Na rasa inda zan sa idona. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, ko a gaban Malam Tanko. Na ce, "Ki bar wurin ba komai, ki wuce tambaya ta gaba." Ta ce to, ta fita.

Zancen bai mutu a rana ɗaya ba, amma ya lafa. Sabon labarin da ya zagaya shi ne malamar soshal ba ta san aikinta ba, kuma unguwa ta fi samun natsuwa da jahilar malama a kan 'yar leƙen asiri. Yaran da aka janye suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Mai ƙosai ta koma yi min hira, har da tsokana wai ko in zo ta nuna min hanyar Katsina. Malam Habu ya riƙe rumfarsa. Yau akwai magidanta da matan aure a Agege da za su rantse maka Madarumfa a Najeriya take, don malamarsu ce ta faɗa.

Ran Juma'ar da za a rufe rajista na raba fom a aji, kowa ya cike nasa ya ajiye a kan teburina. Zuwaira ce ta ƙarshe. Ta cike komai da ƙananan rubutunta, suna, ranar haihuwa, sunan mahaifi, adireshi. Gurbi ɗaya ne fari, inda aka ce jihar asali. Ta ajiye fom ɗin, ta ɗora bironta a kai.

"Anti, kin ce in bar wurin."

Na ɗauki biron na rubuta Katsina. Ta tsaya tana kallon hannuna har na gama harafin ƙarshe.